Terry Fox, Saurayin Da Ya Yi Gudu Da Ƙafa Ɗaya Domin Marasa Lafiya

Mu mutanen ƙasar Daura ba baƙin tafiyar ƙasa ba ne. Kakanninmu sun bi fatake har Gwanja neman goro, wata da watanni suna kan hanya. Waɗansu maƙwabtanmu sun tafi Makka da ƙafa ta Barno da Sudan, har yaron da aka tafi da shi a goye ya komo da wayonsa. Ko yau ma, wanda ya tsaya bakin hanyar Kano a Sandamu da sassafe zai ga mata da kaya a ka sun nufi Daura, ya ga masu kora dabbobi zuwa kasuwa. Amma dukan tafiye-tafiyen nan, mai yinsu yana da abin da ya ke sa rai zai samu a ƙarshe, ko riba, ko lada, ko abincin gida.

Akwai wata irin tafiya a ƙasashen Turawa wadda ba mu saba da ita ba tukuna. Mutum ya kan tashi ya ce zai taka daga gari kaza zuwa gari kaza, mil ɗari ko mil dubu. Kafin ya tashi sai ya bi 'yan'uwa da abokai da masu kantuna, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar a kan kowane mil da ya taka. In ya gama sai a tara kuɗin a kai wa asibiti, ko gidan da a ke jinyar yara masu ciwon da ba ya jin magani. Shi mai tafiyar ba ya cin ko anini a ciki. A wannan wata za mu ba ku labarin wani saurayi na ƙasar Kanada wanda ya yi irin wannan tafiya, da gudu, da ƙafa ɗaya, ko da ya ke bai kai inda ya nufa ba. Sunansa Terry Fox.

An haife shi ran 28 ga Yuli, 1958, a birnin Winnipeg, tsakiyar Kanada. Ubansa Rolland ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai juya hanyar dogo. Sunan uwarsa Betty. Su huɗu ne a ɗakinsu, maza uku da mace ɗaya, shi ne na biyu. A 1966 iyalin suka ƙaura zuwa yamma, a 1968 kuma suka zauna a Port Coquitlam, wani ƙaramin gari kusa da birnin Vancouver, wajen Tekun Pasifik.

Yaron ba shi da girman jiki, ba shi kuwa da wata baiwa ta musamman a wasa. Abin da ya ke da shi naci ne, har da taurin kai. Ya ƙwallafa ransa ga ƙwallon kwando, wasan da dogaye su ke ci. Malamin wasanninsu ya dube shi, ya ga gajere ne, ya ba shi shawara ya koma gudu. Terry ya shiga gudun saboda ganin girman malamin, amma bai bar ƙwallon ba. A shekararsa ta fari cikin ƙungiyar makaranta, minti ɗaya tak aka sa shi a wasa, tun daga farko har ƙarshe. Da wani yaro ne, da ya yi zuciya ya bari. Shi kuwa sai ya ɗauki hutun makaranta yana ta koyo, har ya shiga cikin na gaba. Shekarar da ya gama sakandare aka raba lambar gwanin wasanni tsakaninsa da abokinsa Doug Alward. Ku riƙe sunan nan, gama zai sake fitowa. Daga nan Terry ya shiga Jami'ar Simon Fraser da nufin ya zama malamin wasanni.

Ran 12 ga Nuwamba, 1976, yana komowa gida da mota, hankalinsa ya tafi wani wuri, ya daki bayan wata ƙaramar motar kaya. Ya fito lafiya, sai ɗan zafi a gwiwar dama. A watan Disamba zafin ya komo. Ya daure, ya ce sai an gama wasannin shekarar. Da watan Maris na 1977 ya kama, ciwon ya fi ƙarfinsa, sa'an nan ya je asibiti. Likitoci suka duba suka tarar ciwon daji ne na ƙashi, irin wanda ya kan kama samari masu tasowa, sau da yawa kusa da gwiwa. Suka gaya masa sai an yanke ƙafar. Ran 9 ga Maris aka yanke ta, inci 6 bisa gwiwa. Shekarunsa 18 a lokacin. Shi dai yana zaton haɗarin motar ne ya jawo masa, amma likitocinsa ba su ga dangantaka tsakanin abu biyun ba.

A nan za mu ɗan tsaya, domin abin ya shafe mu. In saurayi a ƙauyukanmu ya yi kukan gwiwa, abin da a kan fara tambayarsa shi ne ko ya faɗi. In ya ce i, sai a ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori. In wurin ya kumbura, a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Ba mu raina masu ɗori ba, suna da nasu wurin. Amma zafin ƙashi wanda ya yi makonni bai lafa ba, yana ƙaruwa da dare, ga kumburi mai tauri, wannan sai likita ya ɗauki hotonsa ya gani. Asibitin ƙashi na Dala yana nan a Kano, hanyar da ta ratsa Sandamu kuwa can ta nufa. Terry ya yi jinkirin wajen wata uku a ƙasar da ganin likita ba wuya. Namu jinkirin ya kan fi haka nesa, sau da yawa kuma tsoron a yanke ƙafa ne ke sa a ɓoye yaro a ɗaki har lokaci ya ƙure.

Likitoci suka gaya wa Terry cewa cikin mutum 100 masu irin ciwonsa kimanin 50 su kan rayu, saboda sababbin magunguna. Shekara biyu kafin nan kuwa 15 ne kaɗai. Wannan lissafi ya zauna masa a rai. Ashe binciken da waɗansu suka yi, da kuɗin da waɗansu suka bayar aka yi binciken, su suka ƙara masa damar rayuwa. Daren da za a yi masa aiki kuma aka kawo masa wata mujalla mai labarin Dick Traum, mutumin Amurka mai ƙafa ɗaya, wanda ya gama gudun mil 26 na birnin New York a 1976. Terry ya karanta, ya ajiye a zuci.

Bayan mako uku yana tafiya da ƙafar da aka ƙera masa. Sa'an nan aka shiga ba shi magani mai ƙarfi, irin wanda ke zubar da gashin kai, yana sa amai. Wata 16 ya yi yana zuwa asibitin ciwon daji na Vancouver domin wannan. A can ne ya ga abin da ya sauya masa rai. Ya ga waɗanda su ke shan magani tare da shi suna ramewa, waɗansu suna mutuwa, da yawansu kuwa yara ne ƙanana. Sa'ad da aka sallame shi, ya ga ba zai iya juya baya ya manta da waɗanda ya bari a ciki ba.

Cikin wannan lokaci wani saurayi mai suna Rick Hansen, wanda haɗarin mota ya shanye masa ƙafafu, ya gayyace shi ƙwallon kwando na masu keken guragu. Terry ya shiga, ya iya, har ƙungiyarsu ta ci gasar ƙasa sau uku.

A watan Fabrairu na 1979 ya fara koyon gudu. Ƙafar da aka ƙera masa ta tafiya ce, ba a yi ta domin gudu ba. In ya jefa ta gaba, ta kan ɗauki lokaci kafin ta miƙe, saboda haka tilas ya yi tsalle biyu da ƙafar hagu kafin ya taka ta dama sau ɗaya. Wanda ya ga hotonsa yana gudu ba zai manta da wannan ɗingishi ba. Dungun ƙafar ya kan yi bororo, ya fashe, ya yi jini. Shi da kansa ya lura in ya daure minti 20 na fari, zafin ya kan ɗan sassauta. Ya fara da ɗan kaɗan, yana ƙarawa. Akwai lokacin da ya yi kwana 101 a jere yana gudu, bai huta ba sai ran Kirsimeti, shi ma don uwarsa ta roƙe shi. Cikin wata 14 ya yi gudun fiye da mil 3,000, wannan duka shiri ne kawai.

A shekarar nan ta 1979 ya shiga gasar gudun mil 17 a garin Prince George. Shi ya zo na ƙarshe, minti 10 bayan wanda ke gabansa, amma mutane suka tarye shi da tafi da hawaye. Da ya komo gida sai ya bayyana wa iyalinsa abin da ke ransa, watau zai ratsa Kanada da gudu daga teku zuwa teku, wajen mil 5,000, domin ya tara kuɗin binciken maganin ciwon daji. Uwarsa ba ta yarda ba da fari, har suka yi musu. Ba mu ga laifinta ba. Wace uwa ce za ta ga ɗanta ya tsira da kyar, sa'an nan ta sake shi kan hanya da ƙafa ɗaya? Daga baya ta amince, ta kuwa tsaya masa har ƙarshen ranta.

Ran 15 ga Oktoba ya rubuta wa Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Kanada yana neman goyon bayansu. Suka yi shakka, suka ce sai likitan zuciya ya duba shi. Likitan ya tarar ɗaya gefen zuciyarsa ya fi ƙa'ida girma, ya gargaɗe shi, amma bai hana shi ba. Kamfanin Ford ya ba da mota mai wurin kwana, Imperial Oil ya ba da mai, Adidas ya ba da takalma. Duk kamfanin da ya ce sai ya yi masa talla kafin ya taimaka, Terry ya ƙi. Bai so a ce wani ya ci riba da tafiyar ba, ko shi kansa. Ya sa wa tafiyar suna Gudun Bege.

Ran 12 ga Afrilu, 1980, a birnin St. John's na tsibirin Newfoundland, can ƙarshen gabas, ya tsoma ƙafarsa ta ƙira cikin Tekun Atalantika. Ya ɗebi ruwan tekun a kwalba da nufin ya juye shi cikin Tekun Pasifik ran da ya isa. Abokinsa Doug Alward ne ke tuƙa motar, shi ne kuma mai dafa abinci.

Ga yadda yininsu ya ke. Su kan tashi da asuba, tun da sauran duhu Terry ya fara gudu. Doug ya kan wuce gaba da mota mil ɗaya ya tsaya, ya jira shi da ruwa da lemo, in ya iso ya sha, sai motar ta ƙara mil ɗaya. Abin da ya sa wa kansa shi ne mil 26 kowace rana, sashe da safe, sashe da yamma. Domin ku gane, daga Daura zuwa Katsina wajen mil 50 ne. Watau kamar mutum ya tashi daga Daura yau ya kwana a rabin hanya, gobe ya shiga Katsina, jibi ya juyo, haka nan kowace rana ba Lahadi ba Jumma'a. Inda ya tsaya da yamma su kan sa alama, da safe ya koma daidai wurin ya fara, domin kada a ce ya tsallake ko taki ɗaya.

Kwanakin fari ba daɗi. Iska mai ƙarfi ta tare shi, da ruwa, da dusar ƙanƙara. A garuruwa da yawa ba wanda ya san da zuwansa, kuɗi kuma kaɗan su ke shigowa. Sai da ya kai Port aux Basques, ƙarshen tsibirin, ya ga abin da ya ƙarfafa shi. Garin yana da mutum kimanin 10,000, suka ba shi fiye da dala 10,000, watau dala ɗaya ke nan a kan kowane mutum. Da fari dala miliyan 1 ya ke nema. Daga baya ya sa ransa ga dala ɗaya daga kowane mutumin Kanada, mutanen ƙasar kuwa miliyan 24 ne a lokacin.

Ba za mu ɓoye muku halinsa ba, gama masu rubuta labarin manyan mutane su kan wanke su har su daina kama da mutane. Terry mai saurin fushi ne. Gajiya da zafi suka ƙara masa. A kan Doug ya kan sauke fushin, shi da ke tare da shi dare da rana cikin ƙaramar mota. Kafin su kai lardin Nova Scotia, da kyar su ke magana da juna. Sai aka shirya ƙanensa Darrell, ɗan shekara 17, ya zo ya shiga tsakaninsu. Yaron mai ban dariya ne, zuwansa ya sanyaya zaman. Doug kuwa bai gudu ba. Mu dai a ganinmu, wanda ya yi wata biyar yana tuƙa mota mil ɗaya ya tsaya, mil ɗaya ya tsaya, yana shan faɗa, ba mai tafa masa, ya isa a ambaci sunansa duk inda aka ambaci na Terry.

A lardin Kebek wahala ta ƙaru. Mutanen wurin Faransanci su ke ji, su Terry kuwa ba su iya ba. Direbobi suna ta matsa shi gefen hanya. Ya isa Montiriyal wajen ƙarshen Yuni, ya ci sulusin hanya, abin da aka tara kuwa bai wuce dala 200,000 da kaɗan ba. A wannan lokaci ne wani attajiri ya shigo labarin. Sunansa Isadore Sharp, mai manyan masaukan baƙi na Four Seasons. Ɗansa ya mutu da ciwon daji a 1978. Ya buɗe wa Terry masaukansa, ci da kwana kyauta. Ya yi alkawarin dala 2 a kan kowane mil, ya kuma yi kira ga kamfanoni kusan 1,000 su yi haka nan.

Da ya shiga lardin Ontario a ƙarshen Yuni, sai abin ya juya. Dubban mutane suka fito bakin hanya da masu bushe-bushe, 'yan sandan lardin suka riƙa yi masa rakiya. A Otawa ya gana da Gwamna Janar Ed Schreyer da Firayim Minista Pierre Trudeau. Ran 11 ga Yuli mutum kimanin 10,000 suka taru a dandalin Toronto domin su gan shi, an kuwa kiyasta an tara dala 100,000 a wannan yini kaɗai. Bobby Orr, gwanin wasan gora na kan ƙanƙara wanda Terry ya ke sha'awa ƙwarai, ya kawo masa dala 25,000. Amma suna ma kaya ne. Bayan gudun yini sai a kai shi taro ya yi jawabi, wani lokaci a karkatar da shi daga hanya domin wani gari ya gan shi. Muddin ya ga za a sami kuɗin bincike, ba ya ƙi. Waɗansu jaridu kuma suka rubuta abin da ya ɓata masa rai a kan halinsa da niyyarsa.

Jikinsa ya soma gazawa. Ƙwaurinsa yana ciwo, gwiwar hagu ta kumbura, dungun ƙafar ya yi ƙuraje, jiri yana ɗibarsa. Ban da ɗan hutun da Ƙungiyar ta roƙe shi ya yi a Montiriyal, ya ƙi hutawa, ko ranar da ya cika shekara 22. Ƙungiyar ta yi ta roƙonsa likita ya riƙa duba shi a kai a kai, ya ƙi. A nan ba mu goyi bayansa ba. Taurin kan da ya kai shi mil dubu uku shi ne ya hana shi zuwa asibiti a 1976, shi ne kuma ya hana shi jin shawara a 1980.

Cikin watan Agusta, a arewacin Ontario, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 10 wanda shi ma ciwon daji na ƙashi ya cinye masa ƙafa. Yaron ya hau keke ya bi bayansa 'yan mil kaɗan, suka kuma shiga wani tafki suka yi iyo tare. Terry ya lissafta ranar nan cikin ranakun da suka fi taɓa zuciyarsa a dukan tafiyar.

Ran 1 ga Satumba, kusa da birnin Thunder Bay, tari mai tsanani ya kama shi, da zafi a ƙirji. Ya tsaya, ya ga mutane bakin hanya suna ƙarfafa shi, ya ƙara 'yan mil. Da numfashi ya gagara, ya shiga mota ya ce wa Doug ya kai shi asibiti. Kashegari ya gaya wa 'yan jarida, da hawaye, cewa ciwon ya komo, ya kama huhunsa. Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci mil 3,339, watau kilomita 5,373. In kun raba za ku ga mil 23 da 'yan kai ke nan kowace rana. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko mil 700 ce, ya yi ta ke nan kusan sau biyar. Waɗansu suka ce za su ƙarasa masa gudun, ya ƙi, domin yana sa rai zai warke ya ƙarasa da kansa.

Ran da ya tsaya, abin da aka tara dala miliyan 1.7 ne. Tsayawarsa ce ta buɗe hannun mutane. Bayan mako ɗaya gidan talabijin na CTV ya yi shiri na awa biyar, aka yi alkawarin dala miliyan 10.5. A watan Satumban nan aka ba shi lambar girma mafi girma ta farar hula a Kanada, shi ne mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa ba. A watan Fabrairu na 1981 kuɗin suka wuce dala miliyan 24. Ya ga dala ɗaya ɗin nan ta kowane mutum da idonsa.

Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, har da wani sabon magani da a ke gwadawa a lokacin, amma ciwon ya ci gaba. Mutane a ƙasashe da yawa suka yi ta yi masa addu'a. Ran 19 ga Yuni, 1981, aka mai da shi asibitin Royal Columbian a New Westminster, ciwon huhu ya ƙaru masa. Ya rasu da asuba ran 28 ga Yuni, iyalinsa suna kewaye da shi, saura wata ɗaya ya cika shekara 23. Gwamnati ta sa aka sassauto tutoci a dukan ƙasar. Aka yi jana'izarsa ran 2 ga Yuli a wata majami'a ta Port Coquitlam, aka binne shi a garin.

Tun yana da rai Isadore Sharp ya kawo shawarar a riƙa yin gudu kowace shekara da sunansa. Terry ya yarda, amma da sharaɗi kada a mai da shi gasa. Ba na ɗaya, ba na ƙarshe, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya taka, mai keke ya hau. An yi na fari ran 13 ga Satumba, 1981, mutum fiye da 300,000 suka fito, aka tara dala miliyan 3.5. Har wa yau ana yinsa kowace shekara a Kanada da ƙasashe da yawa, abin da aka tara da sunansa kuwa ya wuce dala miliyan 800 ta Kanada. A ƙasashen da ke da kayan aiki, in an kama irin ciwonsa kafin ya bazu, wajen bakwai cikin goma su kan rayu yanzu, galibi kuma ba a yanke ƙafar. Abokinsa Rick Hansen ma ya bi sawu, daga 1985 zuwa 1987 ya ratsa ƙasashe 34 da keken guragu.

Ya kamata mu bambance abu ɗaya. Kuɗin Terry na binciken magani ne, domin yaran gobe su warke. Yaran da ya bari a asibiti, waɗanda magani bai cim musu ba, a zamaninsa ba su da gida na musamman ko'ina a duniya. Likita Cicely Saunders ta buɗe gidan St. Christopher a Landan a 1967 domin masu ciwon ajali, amma galibi manya ne. Gidan yara na fari shi ne Helen House a Oxford ta Ingila, wanda wata ƙungiyar mata masu hidima ta Ekklesiyar Angilikan ta buɗe a watan Nuwamba na 1982. A Vancouver, kusa da garin su Terry, aka buɗe Canuck Place a 1995, shi ne irinsa na fari a Amurka ta Arewa. A irin gidan nan ba a yi wa iyaye alkawarin warkewa. Ana kwantar wa yaro zafi da magani, a bar shi ya yi wasa gwargwadon ƙarfinsa. Uwa ta kan kawo shi 'yan kwanaki domin ta sami barci, ta kuma duba sauran 'ya'yanta. In kwanansa ya ƙare, iyayen suna gefensa. Yawancin kuɗin gudanar da gidajen nan daga kyautar jama'a su ke fitowa, tafiyar alkawari kuwa tana cikin hanyoyin da a ke tara su. Wata mata ta birnin Leeds, Jane Tomlinson, wadda ita ma ke fama da ciwon daji, ta ratsa Amurka da keke a 2006, sashen kuɗin da ta tara a rayuwarta ya tafi gidajen jinyar yara na Yorkshire. Ta rasu a 2007.

A wajenmu nan, aikin da gidajen nan ke yi, uwa da kaka ne ke yinsa a ɗaki, da maƙwabta masu kawo kunu, da matan zumunta masu zuwa gaisuwa. Wanda ya taɓa kwana a gidan da yaro mai sikila ke fama da ciwon ƙashi ya san yaron ba ya rasa masu zama kusa da shi. Abin da a kan rasa shi ne maganin da zai kwantar da zafin, da kuɗin mota zuwa asibiti, da wadda za ta karɓi uwar dare ɗaya ta runtsa.

Uwarsa Betty ta yi shekara 30 tana zagaya makarantu da tarurruka tana ba da labarin ɗanta, tana kuma tsare sunansa daga masu son yin ciniki da shi. Ta rasu a 2011. Kusa da Thunder Bay, bakin hanyar da ya bi, an kafa siffarsa ta tagulla yana cikin gudu, ya fuskanci yamma. Ruwan Tekun Atalantika da ya ɗebo a St. John's, iyalinsa suka ajiye shi cikin kwalbarsa tare da takalmansa da littafin da ya ke rubuta labarin kowace rana, an kuma sha nuna su ga jama'a a gidajen tarihi na Kanada.